Tsoron Mazaunin Masai da Sakacin Hannun Buta: Duba ga Birnin Kudu da Gwaram

A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin ba-haya a fili, bayan kwamitin ƙasa mai kula da tsaftar muhalli ya tantance ƙananan hukumominta 27. Birnin Kudu na cikin waɗanda suka riga saura kaiwa ga wannan matsayi, Gwaram kuma ta bi sahu kafin a rufe lissafi. Nasarar ba ƙarama ba ce idan aka tuna cewa binciken ƙasa na 2021 ya ƙiyasta kimanin mutum miliyan 48 ne ke tsugunawa a fili a faɗin Nijeriya, kuma umarnin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Nuwambar 2019 ya ɗora wa ƙasar wa'adin 2025 ne. Sai dai takardar shaida tana ƙirga ramuka da gine-gine, ba ta da ma'aunin abin da ke zuciyar mutum a lokacin da ya tsaya a ƙofar banɗakin da ba na gidansu ba. Mai tallar fura a kasuwar Sara, da matafiyin da motarsa ta tsaya a Babaldu, da mai jinyar da ta kwana uku a asibiti, da ɗalibar makarantar kwana, kowannensu yana yanke hukunci a bakin wannan ƙofa: ya shiga, ko ya matse, ko ya zagaya bayan katanga.

Abin da ke hana da yawa shiga, musamman mata, shi ne tsoron ɗaukar cuta daga inda wani ya zauna ko ya tsuguna. Ra'ayin wannan maƙala shi ne tsoron yana da tushe, amma an ɗora shi inda bai dace ba, kuma harshe yana da hannu dumu-dumu wajen karkatar da shi.

Bahaushe ba ya kiran wurin da sunansa kai tsaye in yana da yadda zai yi. Bayan gida, kewaye, makewayi, banɗaki, bayi, duka sakayawa ce. Masai da shadda da salga su ne suka fi kusa da ainihin ramin, shi ya sa ba kasafai ake furta su gaban surukai ba. Wannan ɗabi'a ta kunya ita ce ta yi aiki a kan sunan cutar da ake dangantawa da wurin. A tsarin maganin gargajiya, sanyi babban sanadin ciwo ne, yana shiga jiki ta damshi da raɓa da ruwa, ya kwanta a gaɓoɓi ko a mara, kamar yadda Lewis Wall ya bayyana a littafinsa na 1988 kan magani a ƙasar Hausa, wanda ya gina a kan zaman da ya yi a yankin Malumfashi. Ƙamusoshin Hausa tun na zamanin Bargery da Abraham sun san ciwon sanyi da ma'anar cutar saduwa mai sa fitar mugunya da zafin fitsari. Ke nan tun asali sunan yana ɗauke da sutura: an ɗauki cutar da ke zuwa ta shimfiɗa an jingina ta da yanayi. A yau kalmar ta ƙara faɗi har ta zama buhu. Ƙaiƙayin gaba sanyi ne, fitar farin ruwa sanyi ne, zafin fitsari da ciwon mara da jinkirin haihuwa da raunin namiji duka sanyi ne. Daga baya aka sami ƙanwarta ta aro, wato infekshan, wadda ta shigo daga Turancin Nijeriya tare da abokiyar tafiyarta, domin a can ana haɗa ta ne da kalmar masai, a ce cutar masai. Da sanyin gargajiya mai bin damshi ya haɗu da cutar masai ta 'yan boko, sai banɗakin jama'a ya zama wanda ake tuhuma a kowace shari'a.

Ilimin likitanci bai san wata cuta guda mai wannan suna ba. Abin da ke cikin buhun aƙalla iri huɗu ne, kowanne da sanadinsa da maganinsa. Akwai ƙaiƙayi mai zuwa da farin ruwa mai kauri, wanda wata halitta dangin yis ke haddasawa. Tana zaune a jikin mata masu yawa lami lafiya, sai ta yi yawa idan aka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, ko a lokacin goyon ciki, ko ga mai ciwon suga. Akwai ruwa mai ƙarni da ke biyo bayan rikicewar ƙwayoyin da ke tsaron farji, abin da yawan wanke ciki da sabulu ko cusa haɗe-haɗe ke taimakawa wajen jawowa. Akwai ciwon mafitsara, wanda galibi ƙwayar da ke cikin hanjin mai ciwon ce ke ƙetarawa daga baya zuwa gaba, kuma riƙe fitsari da ƙarancin shan ruwa suna ba ta dama. Sai na huɗu, cututtukan saduwa: ciwon sanyi na ainihi da tunjere da ƙanjamau da danginsu. Ƙwayoyin waɗannan ba su da juriyar zama a wajen jiki; da zarar sun bushe a kan tangaran ko siminti sun mutu, kuma fatar cinya da ke taɓa mazauni katanga ce da ba sa iya hudawa. Cikin huɗun nan babu wanda mazaunin masai yake zama hanyarsa ta yau da kullum.

To me ya sa zargin ya ƙi mutuwa? Saboda yana da amfani ga masu yin sa, kuma adalci ne a faɗi haka. Budurwar da ƙaiƙayi ya dama tana buƙatar hanyar gaya wa uwarta ba tare da an zuba mata ido ba, sai ta ce a banɗakin makaranta ta ɗauka. Matar aure tana buƙatar kuɗin magani daga miji ba tare da ta tuhume shi ba. Miji kuma, idan ya san abin da ya taka, ya sami mafita mai sauƙi: ai ke ce mai shiga masai a gidan biki. Kowa ya tsira da mutuncinsa, masai kuwa ba shi da bakin musu.

Kuɗin wannan sulhu mata ne ke biya. Idan abin da ke damun mace cutar saduwa ce aka kira ta cutar masai, ita kaɗai za a yi wa magani. Miji ba zai sha ba, abokiyar zama ba za ta sani ba, bayan mako biyu ciwo ya dawo, a ce sanyi ne mai naci. Ciwon da ya daɗe haka yana hawa zuwa mahaifa ya toshe hanyoyin ƙwai, daga nan a shiga zagayen neman haihuwa, a ƙarshe laifin ya koma kan wadda aka cuta. Idan kuwa ƙaiƙayin yis ne, allurai da ƙwayoyin da ake saya a kemis ba tare da gwaji ba su ne ma ke ƙara rura shi, ga kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Wanda ya ci riba shi ne mai motar magani da lasifika a ranar kasuwa, wanda ke lissafa alamomi goma ya sayar da gora ɗaya. Abin takaici shi ne ita budurwar da aka ƙirƙiri zancen don a kare ta, gaskiya ta fi ba ta kariya: ƙaiƙayinta, a mafi yawan lokuta, bai zo daga namiji ba, bai kuma zo daga masai ba, daga jikinta ya taso kamar yadda ƙurji ke tasowa.

Tsoron yana kuma haifar da halayen da ke jawo abin da ake gudu. Mace ta fita kasuwa tun hantsi a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ta ƙi shan ruwa don kada fitsari ya kama ta, in ya kama ta kuma ta riƙe har magariba. Wannan shi ne shimfiɗar ciwon mafitsara; in ya zo sai a ce ga shi nan, ai ta taɓa shiga banɗakin tasha. Wani ya shiga masai na zama, ya ƙi zama, ya hau kansa da takalmi ya tsuguna. Tangaran ba a yi shi don ɗaukar wannan nauyi a gefe ba, in ya fashe yankansa ya fi na kwalba. Wata ta tsaya a sunkuye ba ta taɓa ba, ta ɓata mazaunin, ta bar wa ta bayanta hujjar ƙyama. Akwai kuma tsohuwar fargabar tiririn rami, cewa zafin da ke tasowa daga shadda yana shigar mace ya sa mata ciwo. Ba Hausawa kaɗai suka taɓa wannan tunani ba. Likitocin Ingila sun daɗe suna ganin wari da mugun iska ne ke kawo kwalara, a 1854 kuma John Snow ya bi sawun mace-macen wata unguwa a Landan ya tarar da su sun taru a kan famfon ruwa guda. Wari yana da ban ƙyama, yana kuma nuna cewa ramin ba shi da bututun iska ko murfi, amma cuta ba a cikinsa take tafiya ba.

Hanyar da take bi sananniya ce tun zanen da Wagner da Lanoix suka fitar ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya a 1958: daga kashi zuwa yatsu, ko ƙuda, ko ruwa, ko ƙasa, daga nan zuwa abinci, sai baki. Amai da gudawa, zazzaɓin taifot, atuni, shan-inna, nau'in ciwon hanta mai zuwa da shawara, tsutsar ciki, duka ta baki suke shiga. Ƙwayar atuni ba ta buƙatar runduna, ƙasa da ɗari sun isa su kwantar da babban mutum. A 2021, shekara guda kafin bikin Jigawa, Nijeriya ta ga ɓarkewar kwalara da ta kama sama da mutum 100,000 ta kashe fiye da 3,500, kuma Jigawa da maƙwabciyarta Bauchi suna cikin jihohin da suka fi jin jiki. Birnin Kudu da Gwaram a kan iyakar jihohin biyu suke, da jama'ar da ƙidayar 2006 ta nuna ta haura 300,000 a ɗaya, ta haura 270,000 a ɗayar, ga kasuwanni da hanyar mota da ke haɗa su da Kano da Ningi. Babu wanda ya ɗauki kwalara ta cinyarsa.

A nan ne ya kamata a dubi buta. A banɗakin kasuwa ko na tasha ko na masallacin Juma'a, buta ɗaya tana iya ratsa hannu hamsin kafin azahar. Ana ajiye ta a daɓen da ya jiƙe, a ɗauke ta, a wasu wuraren a tsoma ta cikin duro ko randar da kowa ke ɗiba, gindinta ya wanke a cikin ruwan. Wanda ya gama tsarki da hagu yana iya kama ta da hagun, na bayansa ya kama da dama. Daga nan wani ya cika ta ya yi alwala, ya kurkure baki. An miƙa wa mai gidan wanka kuɗi, an karɓi canji, an gaisa da mutum uku, an tsaya wurin mai awara ko mai rake. Duk wannan tafiya babu inda sabulu ya shigo. Mutumin da ya shimfiɗa leda a kan mazauni don tsoron infekshan, shi ne zai fito ya ɗauraye yatsu da ruwa zalla ya sa hannu a ƙwaryar fura. Nazarce-nazarcen da aka tattara daga ƙasashe da dama sun nuna wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi 30 cikin 100, amfanin da babu wata leda ko tsayuwar sunkuye da za ta bayar. Inda sabulu ya yi wuya, toka ta fi ruwa zalla.

Akwai wani abu a harshen da ke sa wannan sakaci ya zama ba a jin sa. Hausa tana da tsarki tana da tsafta, ana kuma yawan ɗaukar su tamkar abu guda, alhali tambayoyi biyu suke amsawa. Tsarki hukunci ne na ibada. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Iziyya ko Risala ya san ma'aunin ruwa a mazhabar Malikiyya: muddin launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba, yana tsarkakewa. Ma'auni ne da ya dace da abin da aka yi shi dominsa, wato ingancin salla. Amma ruwan da ke ɗauke da ƙwayar kwalara yana iya zama garau, ba launi ba wari. Mutum zai fito daga banɗaki da tsarkinsa cikakke, sallarsa ta inganta, hannunsa kuma na ɗauke da abin da zai kwantar da yaronsa. Babu karo tsakanin addini da likitanci a nan, sai dai rashin bambancewa a bakin masu magana. Hasali ma Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin da ta yi bayanin tsarki, ta ambaci goga hannu a ƙasa sannan a wanke shi bayan an gusar da ƙazanta, wato malaman farko ba su ɗauki zuba ruwa kawai a matsayin ƙarshen aikin hannu ba. Wannan mataki ne ya faɗi a hanya da aka koma daɓen siminti, ba a kuma ɗora sabulu a gurbinsa ba. Mai wa'azin da zai ce sabulu shi ne magajin wannan gogawa bai ƙirƙiri sabon abu ba.

Duk da haka, ba daidai ba ne a mayar da masu tsoro jahilai. Ƙyama garkuwa ce da ta daɗe tana tsare ɗan Adam, kuma banɗakin da ya cika, ko ya jiƙe, ko ƙuda ya mamaye shi, ya cancanci a ƙyamace shi. Mazauni mai datti yana iya ɗaukar ƙwayoyin gudawa, sai dai ta hannun da ya ɗaga shi suke isa baki. Mai rauni ko ƙurji a cinya yana da dalilin yin hattara. Wanda ya shiga ramin ƙasa mai damshi ba takalmi yana iya kwasar tsutsar da ke huda tafin ƙafa. Sau da yawa kuma idan mace ta ce tana tsoron infekshan, abin da take nufi ya fi haka yawa: ƙofa ba sakata, babu fitila, ɓangaren maza da na mata a manne, samari na zaune a bakin hanya suna ƙirga masu shiga. Cuta ce kawai dalilin da za ta iya furtawa ba a yi mata dariya ba.

Wani kaso na laifin yana kan masu gini. An ɗauki masai na zama alamar ci gaba, sai ɗan kwangila ya dasa shi a makaranta ko ofis ko tasha inda famfo ba ya kawo ruwa. Irin wannan masai yana shan lita 6 zuwa 9 a kowace kora. Na tsuguno mai zuba ruwa da hannu yana wadatuwa da lita ɗaya ko biyu. Inda ake sayen ruwa a jarka, sakamakon a bayyane yake: cikin wata guda mazaunin ya toshe, a sa masa kwaɗo, jama'a su koma bayan gini. Ga al'ummar da ta saba da tsuguno, kuma take tsarki da ruwa, masai na tsuguno shi ya fi dacewa da wurin jama'a, babu fatar da ke taɓa komai, gardamar mazauni ma ba ta taso ba. Fasaharsa ba sabuwa ba ce. Ramin da ke da bututun iska da raga a samansa, wanda Peter Morgan ya ƙirƙira a ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau cikin shekarun 1970, yana fitar da wari yana kuma kama ƙuda. Kwanon roba na SaTo mai marfin da ke rufe kansa ana sayar da shi a Nijeriya. Na zama yana da masu shi: tsofaffi, masu juna biyu da suka yi nauyi, masu lalurar ƙafa, marasa lafiya a wuri irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Ɗaki ɗaya a kowane jeri ya ishe su, in an tabbatar da ruwansa. Abin da bai kamata a buɗe banɗakin jama'a ba tare da shi ba, ko na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, shi ne wurin wanke hannu a waje, mai famfo ko bokiti mai kan famfo, da sabulu a ɗaure, a inda mai fitowa ba zai iya kauce masa ba. Duba-gari da ke da ikon rufe gidan wanka saboda wari, ya fi dacewa ya rufe shi saboda rashin wannan.

Saura abin da ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Kalmar ƙwayar cuta ta yi wa harshen hidima, amma ita ma ta zama buhu: bakteriya da bairos da dangin yis da ƙwan tsutsa duka a cikinta suke, don haka mai sauraro ba shi da dalilin tunanin cewa wata tana mutuwa cikin mintuna a kan tangaran, wata kuma tana kwana a hannun buta. Saƙonnin lafiya da ake fassarawa don rediyo sukan ce a guji ƙazantaccen banɗaki saboda cututtuka, su tsaya nan. Mai ji kuwa zai cike gurbin da abin da ya riga ya sani, wato sanyi. Saƙon da bai ambaci hannu da baki ba, ƙarfafa tsohon zargi yake yi ko da mai fassara bai nufa ba. Haka ma'aikaciyar asibitin da ke ce wa mace infekshan ne don ta taƙaita bayani, ta sallame ta da kalmar da za ta fassara a gida da cutar masai.

Ƙirƙirar sababbin kalmomi daga ofis ba ta cika kama bakin jama'a ba, tarihin keɓaɓɓun kalmomin kimiyya a Hausa shaida ne. Aikin da ya fi gaggawa na fili ne: a zauna da ungozomomi da masu kemis da masu maganin gargajiya da matan aure a Kila da Basirka da Sundumina da Wurno, a tattara abin da kowa ke nufi da sanyi, da kalmomin da mata ke rarrabe alamomi da su a tsakaninsu idan babu namiji a wurin, domin da wuya a ce mai fama da ciwo ba ta da sunan da take bambanta ƙaiƙayi da zafin fitsari. Yankin yana da Fulani masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu, kuma abin da saƙon rediyo ke zama a kunnensu tambaya ce mai zaman kanta. Irin wannan bincike mata ne za su iya yin sa, sassan Hausa na jami'o'in Kafin Hausa da Kano kuwa ba su rasa ɗalibai mata 'yan wannan yanki ba.